Layi a Wuyan Kyanwa

Jiya ƙanwata ta kaɗa gefen littafi da babban yatsa, takardun suka yi fir-fir. Wannan ƙarar ce ta mayar da ni garinmu Zakka.

Ina aji biyu a sakandare, shekarun da ko'ina ka duba kwalta ake zubawa, aka kwashe mu zuwa gidan tarihi a Kaduna. Muka tarar an baje zanen karnuka da kyanwoyi irin na majigi. Sauran 'yan mata suka wuce kallon tukwane da takubba. Ni na tsaya gaban wani dogon bango. Kyanwa ɗaya ce aka zana sau da yawa, a kowane zane ƙafarta ta ɗan gusa. Mai kula da wurin ya ɗauko ƙaramin littafi ya kaɗa, sai ga kyanwa tana tafiya. Ashe abin ke nan. Ba siddabaru ba ne, haƙuri ne kawai, abin da ni ba ni da shi.

Da hutun damina na koma gida. Gero ya kai ƙugu, tsakar gida na warin jiƙaƙƙen kashin shanu da hayaƙin ɗanyen itace. Akwai wata kyanwa mai gadin rumbun kakana. Kwana tara ina bin ta da fensir, ina zana ta a kusurwar littafin makarantata, shafi bayan shafi.

Gwaggo ta kama ni ina kaɗawa. Ta yi salati.

"Ke! Mai rai kike zanawa, har da sa shi tafiya? Gobe kiyama da me za ki hura masa rai?"

Ta fizge littafin ta nufi murhu. Na ce mata duk darussan zangon a ciki suke, ga jarrabawa na jirana. Ta ce to, sai abin da Malam ya ce.

Malam shi ne kakana. Muka same shi a zaure kan buzu. Na durƙusa. Ya kaɗa littafin sau ɗaya, ya sake, ya kuma.

"Wa ya koya miki?"

"A Kaduna na gani, Malam."

"To, ko su ba su iya ba, ko ke. Kyanwa, inda ta ɗaga ƙafar gaba nan take sa ta baya. Wannan tafiyar akuya ce."

Ya jawo tawada da alƙalamin kara. Malamansa sun koya masa cewa in aka raba kai da gangar jiki, hoto ya daina zama mai rai. Ya bi shafukan yana jan layi a wuyan kowace kyanwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Ni dai ƙafata ta yi sanyi don durƙuso. Da tawada ta bushe ya sake kaɗawa. Kyanwa ta ci gaba da tafiyarta, layin yana rawa a wuyanta.

"Malam, ai ba ta tsaya ba," in ji Gwaggo.

"Na yi nawa," ya ce, ya miƙo mini littafina.

Da shi na yi jarrabawa. Ƙafar kyanwar kuwa ban gyara ba.

Yanzu ina koyarwa a Batsari. Talabijin ya shigo gari, yara na kallon kare na bin kyanwa a guje, ba mai yin salati. Amma in na zana dabba a allo, kafin in ankara na ja mata layi a wuya. Su tambaye ni na mene ne. Cewa nake su yi shiru su kwafa.