Gwangwanin Kawu Illa, Tawa zuwa Bambeye

Ƙarhe biyar da rabi na safe na hito gida, raina ɓace, gwangwanin mai cikin saka, jakata ta makaranta. Kawuna Illa na da teburin kahe, wato kofi, a tashar Tawa. Kwana huɗu ke nan ba wanda ya zamna bencinshi, don wani ɗan baƙin ciki ya baza cewa man da yake shahwa ma burodi na alade ne. Direbobi sunka ce sai sun ga takardar Malam Habu na Bambeye, shi kaɗai sunka yarda da shi. Kawu ba ya iya barin tebur, sai ya aike ni.

Bariyar

Ƙarhe bakwai saura kwata kamyon, babbar motar kaya, ya tashi, muna bisa buhunnan dusa. Ko kilomita biyar ba mu yi ba, soji sunka tsaida mu a bariyar, shingensu na bisa hanya. Wani kaparan ya duba kardante ɗina, katin shaida, ya tura hannu cikin saka.

"Kai ɗan makaranta, kayan taimako ne wanga. Kun sato?"

"Wallahi shef, kasuwa kawuna ya saye."

"An hana. Hau mota!"

Muna tahiya ina hangen shi yana buɗe murhin gwangwanin da wuƙa. Na ciji leɓe har jini. Hanya duk ƙasussan shanu, ni ko kallo ba su ishe ni ba.

Bambeye

Ƙarhe tara mun iso. Malam Habu tsoho ne siriri, yana zamne bisa buzu. Anka ba ni hura, ruwa ya hi gero yawa. Na zayyana mishi komi.

"Ina man?"

"Soji sunka amshe, Malam. Amma saniya ce jikin gwangwanin, ni na gani."

"Ɗana, hoto za ni shaida? Abin da ban gani ba, alƙalamina ba ya rubuta shi."

Na ji awa in yi kuka. Sai ya jawo takalmanshi. "Tashi mu tai wurin man."

Komowa

Bayan azahar munka samu wata tsohuwar Landiroba. A bariyar Malam ya sabka, ya yi sallama.

"Samari, ku ara mini gwangwanin yaron ga."

Kaparan ya hidda hula, ya kawo shi da hannu biyu. Rabi ya rage! Rabi, jama'a! Malam ya lakato, ya murza bayan hannu, ya shinshina, ya ɗanɗana.

"Shekara arba'in ina kiyon shanu kahin hwari ya kwashe su. Wanga man shanu ne."

Ya saka gwangwanin cikin hammata. Munka hau mota.

Tawa

La'asar sakaliya muna tasha. Malam ya rubuta layi ukku da ajami, Kawu ya liƙa bisa katako. Wani direba, Ɗan Tanin, ya taɓe baki: "Takarda dai takarda ce."

Malam ya zamna benci, ya ce a haɗa mishi kahe da burodi, a shahwa man sosai. Ashe bai taɓa shan kahe ba. Ya kurɓa, huska ta yamutse.

"Halal ne. Amma Illa, mi kake sayar ma mutane haka da ɗaci?"

Tasha ta ɗauki dariya. Kahin in aje saka, benci ya cika, Ɗan Tanin na ihun a ƙara mishi madara. Na gode Allah, na gode Malam. Kaparan kam, ban yahe ba.