Munduwar Kaka a Ƙasar Maƙera

Mun tashi da asuba daga Madawa, mu uku a motar da ta saba ɗaukar albasa, har yau warin bai fita daga rigata ba. Da ni, da wana wanda ya shekara biyu yana neman zinariya a arewa, da kakarmu. Wana ya rungume na'urarsa ta neman ƙarfe kamar jinjiri.

Shekarar wata yunwa, Kaka tana yarinya, gidansu ya bar tudun Ibohamane. Kafin a ɗora wa jaki kaya, mahaifiyarta ta binne munduwarta ta azurfa a gindin rumbu, don su sami dalilin komowa. Ta rasu a Madawa ba ta koma ba. Yanzu farar yana ta soma rufe idon Kaka, kuma tana so ta riƙe munduwar nan kafin duhu ya gama shiga.

A Buza muka sha fura da nono mai araha. Daga nan ƙasa ta yi ja. Duwatsu baƙaƙe sun kwanta jere-jere a gonaki, rumbunan laka sun yi tsaye da cikkunansu, kwari kuma kore shar a ƙarƙashinmu. Gyangyaɗi ya riƙa ɗaukata. Nakan farka in ji Kaka tana kiran sunayen itatuwan da ba ta gani, wasu ma an sare su tun ban zo duniya ba.

Da hantsi muka hau kufan garinsu Kaka a ƙafa. Ba abin da ya saura sai da'irorin duwatsun gindin rumbuna da wata tsohuwar aduwa. Wana ya kunna na'urar, ya ƙure ƙarfin jinta kamar yadda ya saba a rairayin arewa. Sai ta kama kuka. Ya yi dama, kuka. Ya yi hagu, kuka. Rami bakwai muka haƙa, kowanne sai baƙin dunƙule mai nauyi.

Kaka ta shafa ɗaya ta yi dariya. "Kashin maƙera na. Ubana tama shika narkewa nan."

Ashe jar ƙasar kanta cike take da tama, ga kuma kashin maƙera a warwatse. Na'urar ba ƙarya take yi ba, ƙasar gaba ɗaya take ji. Wana ya zauna yana gumi, ya ce pil ɗin ma, wato batirin na'urar, ya kusa ƙarewa. Tausayinsa ya kama ni, na Kaka ya fi.

"Maigidana," in ji ta, don haka take tsokanarsa, "matar nan taka ba ta da ladabi. Ta shigo garin mutane da kururuwa. Bari ta gaida ƙasa tukuna."

Abin da ya manta ke nan. Ya nemi fili mara duwatsu, ya riƙa ɗaga faifan na'urar yana saukewa a hankali, har ta saba da ƙasar. Sannan ya rage ƙarfin jin, ya sake ragewa, sai ta yi tsit. Amma ya gaya mana gaskiya: a haka ba za ta ji abin da ya wuce taƙi ɗaya a zurfi ba.

"Ya isa," in ji Kaka. "Da sakaina Inna tag gina, jaki na jiran ta."

Ya bi da'irorin ɗaya bayan ɗaya. Shiru ya sauka, har ina jin iska a ƙayar aduwa. A ta huɗu na'urar ta yi wata 'yar siririyar ƙara mai tsabta, sau ɗaya. Da hannu muka tone.

Munduwar ta yi baƙi. Kaka ba ta kai ta kusa da ido ba, da yatsa ta zagaya ta, har ta tsaya a wata 'yar lotsawa. Ta ce a nan ta cije ta lokacin tana haƙora, an sha ba ta labari.

Mun iso Madawa da magariba. Na koyi cewa kowace ƙasa da nata ƙarfin jin da take ɗauka, kuma wanda ya ƙure shi a jar ƙasar nan ta Adar ba zai ji komai ba sai hayaniya. Ina shimfiɗa wa Kaka tabarma na ji tana magana ƙasa-ƙasa, hannunta a kan munduwar, ba da ni take ba.

"Inna, kin ce sai mun koma. To, na koma."