Ungozomar Karantina

Turai ta zo Hajji daga Funtuwa a shekarar 1977, ba ta koma ba. Ta samu ɗaki a unguwar Karantina da ke Jidda, ta kama sana'ar da ta gada wurin kakarta, wato ungozomanci. Matan da ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, tsoron asibiti suke yi, don haka in naƙuda ta tashi, ita ake kira. Rabin samarin unguwar ita ta yanke musu cibiya.

A shekarun farko, in masu kame sun shigo, mace ɗaya za ta buga tasa, kowa ya ɓuya a gidan maƙwabcinsa. Daga baya abin ya lalace. Mutum biyu za su yi cacar baki a kan wurin kasa kaya, washegari mota ta zo ta ɗauke ɗaya. Turai ba ta iya shiru. A gidan suna ko gidan makoki sai ta miƙe ta ce, "Mu muke cinye junanmu, ba Larabawa ba." Mata suka fara cewa tsufa ya taɓa ta.

A 2003 wata mai sayar da fura, Rahamatu, ta haihu a ɗakin Turai. Kwana huɗu da haihuwar, da hantsi, masu kame suka tsaya daidai ƙofar. Wanda ya nuna musu gidan yana laɓe bayan motar, amma Turai ta gan shi. Mahmud ne, haifaffen Jidda mai takardu, wanda ita ta karɓi haihuwarsa. Ya daɗe yana so matarsa ta gaje wurin da Rahamatu take zama a bakin kasuwa. Aka tafi da mai jego da jaririnta, ko wankan safe ba ta yi ba.

Turai ta same shi a shagonsa.

"Mahmud, dube ni."

"Khala Turai, wallahi ba ni ba ne. Halas, ki bar maganar."

"Annabi Yakubu ma 'ya'yan cikinsa ne suka jefa ɗan'uwansu rijiya, suka dawo masa suna kukan ƙarya. Ya yi baƙin ciki har idonsa ya yi fari. Da ina mamakin yadda kuka ke makantar da mutum. Yanzu na gane. Su dai sun ji kunya sun yi kuka. Kai ko wannan ba ka yi ba."

Mutanen da ke wurin suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya goyi bayanta. Wani ma ya ce ta yi a hankali, ita ma ba takarda gare ta ba.

Bayan shekara biyu naƙuda ta zo wa Sharifa, matar Mahmud, ba shiri. Ya zo a guje yana haki. Turai ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki mayafinta. Ta karɓi haihuwar, ta gyara jaririya, ta fito ta koma ɗakinta.

Ranar suna unguwar duka ta hallara, har da waɗanda suka ga fitar Rahamatu. Aka ci shinkafa da rago, aka yi ta sa wa Mahmud albarka. Turai tana ɗakinta tana jin hayaniyarsu. Aka aiko mata da kwano, ta mayar a rufe.

Ba ta sake karɓar haihuwa ba. Ta rasu a 2009, ba ta taɓa jin inda Rahamatu ta ƙare ba.