PHP ko Java Kafin Yankan Riɗi

Har yau ban manta da ranar da mudir ɗinmu, wato manajan kamfani, ya kira mu ofishinsa, ni da Injiniya Asma'u, ya rufe ƙofa ba. Lokacin ina aiki a wani kamfanin gonaki a Gadarif ta ƙasar Sudan, riɗi ya kusa nuna. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jira: in ba a yanke shi da wuri ba sai ya fashe ya zube ƙasa.

An ba mu aikin rubuta manhajar da za ta zauna a babbar kwamfutar ofis, tana karɓar buƙatun gonakin Doka da Ƙala'at an-Nahal, tana rarraba musu leburori da motoci. Ni na ce a rubuta ta da harshen kwamfuta na Java, don tana ɗaukar mutane da yawa lokaci guda, kuma tana kama kuskure tun kafin a kunna. Asma'u ta ce PHP, don ba ta da nauyi, kuma ana gyara ta nan take. Muka yi sati ba ma gaisawa sosai.

Mudir ya ce, "Ban san wannan ba, ban san wancan ba. Kowa ya nuna mini nasa. In riɗi ya zube, wanda na bi shawararsa zai bar nan."

Na fara. Tsohuwar kwamfutarmu ta yi ta nishi, sannan ta nemi wani ƙarin kayan Java. Na shiga shafin da ake sauko da shi, aka rubuto cewa an hana ƙasarmu, saboda takunkumin da ke kan Sudan a lokacin. Manhajar Asma'u kuwa ta tashi cikin minti biyu.

"To, ya ustaz?" in ji mudir, yana kallona.

Kafin in buɗe baki Asma'u ta ce, "Sayyid mudir, gaskiyarsa, Java ta fi ƙarfi. Injinmu ne ba zai ɗauke ta ba. Kuma tsarin ajiye bayanan da ya yi ya fi nawa. In babu shi, ba zan gama a kan lokaci ba."

Da PHP muka yi, tare, motoci suka fita a kan kari.

Daga nan na koyi cewa kafin ka zaɓi harshe, ka duba injin da ke gabanka da ƙasar da kake ciki. Na kuma daina yi wa abokin gardama kallon abokin gaba.