Kirarin Jatau Majemi

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, wata ƙwallo mai siffar ƙwai ta faɗo daga bene ta kifar da bokitin wankin Umma a harabar gidan da muke haya a unguwar Titiwangsa. Umma ta jujjuya ta, ta ce zafin rana ne ya lanƙwasa ta. Na ɗaga kai, sai ga wani tsohon Bature a baranda ya buɗe hannuwa yana jira a jefa masa. Yatsunsa duk a karkace suke kamar citta.

Mutumin Ostireliya ne. Aiki ya kawo shi Kuala Lumpur tun yana da ƙarfinsa, ya auri 'yar ƙasa, ta rasu ta bar shi, 'ya'yansa kuma suka koma can, sai waya jefi-jefi. Abba, wanda karatun digiri na uku ya kawo mu daga Kano, ya ce ba a barin tsoho shi kaɗai a maƙwabta. Nan take aka ɗora mini aiken kai masa abinci, aka kuma shiga kiransa Kaka. "Yi wa Kaka tapau ka kai masa tun da zafi," in ji Umma, tana ƙulle tuwo a leda; tapau shi ne ƙunshin abinci a bakin mutanen garin. Na tsani aiken nan, don ɗakinsa warin man zafi yake, ga shi in ya kama ka da surutu sai ka rasa wasan yamma.

Ƙwallon ce ta sasanta mu. Bayan la'asar, in ruwa ya ɗauke, yakan kai ni da yaran Malay na gidanmu filin bakin tafki, ya koya mana naushin ta da dunƙulen hannu da cafe ta a sama, irin wasan ƙasarsu. Ba ta da alƙibla, in ta daki ƙasa inda ta ga dama take nufa, mu bi ta muna zamewa a taɓo. In mun gaji ya saya mana shayi a mamak, wato rumfar mai shayi, ya ɗauko labarin kakansa, wanda ya buga wasan tun ana yinsa da hula da dogon wando, a filin da itatuwa ke tsaye a tsakiyarsa. Kakan nasa majemi ne, jan gashi gare shi. Ya yini yana jeme fata, ranar Asabar ya fita ya taka kafaɗar maza ya ɗauko ƙwallo a sama, jama'a na ihun sunansa, ba a biyansa ko sisi. Rannan ya diro a kan saiwa, gwiwa ta tashi aiki. Majema suka sallame shi. Ya ƙare yana sayar da gyaɗa a ƙofar filin, masu shiga ba su ma san shi ba, kabarinsa kuwa ko alama babu. Wata rana Kaka ya dafa ni ya ce, "Ni kaɗai na rage da na san shi, kuma kaina ya fara yoyo."

Na gaya wa Abba. Shi jikan Rundawa ne, ya ga tsofaffin 'yan dambe suna karkarwa a bakin mahauta ba mai kallonsu. Ya ce namiji irin wannan ba ya rasa kirari, ya raɗa masa suna Jatau, ya koya mini: "Jatau na majema, jan gwarzo mai warin fata, tsaninka kafaɗar maza, mai ƙwato ƙwai a hannun gajimare." Kaka bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ranar da na fara yi masa sai da ya miƙe tsaye. Daga nan kullum sai na yi kafin ya taɓa tuwo.

Yoyon kuwa bai tsaya ba. Ya fara kirana da sunan ɗansa. Ya bar tukunya a wuta har hayaƙi ya cika bene. Wata rana aka tsinto shi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ba takalmi, yana tambayar masu yadi hanyar filin wasa. Ɗansa ya zo, ya kai shi gidan kula da tsofaffi, ya juya. Har yau ina jin haushin mutumin nan, ko da yake ban san nasa uzurin ba.

Muka je dubiya ni da Abba, ƙwallon na hammatata. Kaka na zaune a keken guragu, ya gaishe mu gaisuwar baƙi. Na yi kirarin, bai motsa ba. Abba ya ce, "Ba shi labarin da Turanci." Na ba shi duka, hula da itatuwa da gwiwa da gyaɗa, yadda shi ya ba ni. Ya saurara har ƙarshe, idonsa ya ciko, sannan ya tambaye ni, "Bawan Allah. Yana da iyali kuwa?" Na kalli Abba, Abba ya kalli ƙasa. Ban yi kuka ba sai a jirgin ƙasa. Kaka bai kai wata Sallar ba.

Yanzu ina aiki a wani otal a unguwar Bukit Bintang. Abba ya rasu, filin bakin tafki an gyara shi an shimfiɗa hanyar masu gudu, ƙwallon ta sace tana saman kabad. Ɗana, in na yi masa Hausa, da Turanci yake amsawa. Na gwada koya masa kirarin, ya yi dariya ya ce, "Too long lah, Abba." Na ƙyale shi, amma gobe ma zan sake. Yanzu ni kaɗai na rage da na san Jatau.