Idon da Ba na Gabir Ba

Shekara goma sha huɗu muka yi da Mirfat a wani asibitin ido a Mansura ta ƙasar Masar, ni ina aikin jinya, ita tana ɗakin baya. Ana turo mata hotunan cikin ido, ta ɗora na bana kan na bara a kwamfuta, ta juya, ta matsar, har jijiyoyin jini su hau kan juna daidai. Da haka likita ke gane ko ciwon sukari ya ƙara cin idon. Mijinta ya rasu da wuri. Yayanta Gabir, direban motar 'yan makaranta, shi ya riƙe ta da 'ya'yanta biyu.

Gabir na da sukari, makarantar kuma sai da takardar likita duk shekara. Rannan hotonsa ya faɗo hannunta. Ta juya, ta sake juyawa, jijiyoyin suka ƙi haɗuwa. Na bara duk ɗigon jini, na bana tas.

"Insaf, zo ki gani," ta ce mini. "Ido ba ya sake jijiya. Wannan ba idon Yaya ba ne."

Nan take ta gane ƙanensu Subhi aka turo, don kamarsu ɗaya.

Ran Juma'a ta sami Gabir a gida yana cin wake da gurasa.

"Yaya, idon wa ka kai mana?"

"Iye, babbar likita! Shekara talatin ina tuƙi, ko kyanwa ban taɓa takawa ba."

"To karanta min kalandar can."

Ya zura wa bangon ido, ya kasa karantawa.

"Yara ashirin da shida kake ɗauka, Yaya."

"Nawa kuma biyar ne. Naki biyun ma motar nan ce ta ciyar da su."

Kwana uku tana riƙe da hotunan. Ran na huɗu ta kai wa likita. Aka kira Gabir, aka yi masa aiki, aka ceto ido ɗaya. Tuƙi kuwa ya ƙare. Yanzu gadin wani bene yake yi.

Shekara biyu ke nan bai ce mata uffan ba. Sallar bana ta kai musu kayan zaƙi, matarsa ta karɓa daga bakin ƙofa. Mirfat ta daina zama da mu lokacin shayi. Sau ɗaya na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce ba ta sani ba, ta roƙe ni kada in ƙara tambaya.