Kawu Altine da Kek ɗin Alhamis

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Gwandu ya san ranar Alhamis ba a bi ta ƙofar gidan Kawu Altine sai da babban dalili. Da hantsi ya ɗaga za ka gan shi a bakin zaure, dattijo da furfurarsa, ya ɗaura tsohon zanen matarsa a kan riga, ya aza tukunya da rairayi a murhu, ya jera gwangwanayen madara yana shafa musu mai da gashin kaza. Kek yake gasawa. Namiji, tsohon malamin gona, a idon jama'a! Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, don haka ni na fi kowa shan kunyar abin.

Ba haka kawai ya fara ba. Matarsa, Inna Kulu, ta koyo kek a ajin mata tun ba a haife ni ba, duk Alhamis sai ta gasa a cikin gida ta aika mishi zaure. Da ta rasu ya yi watanni ba ya cin abin kirki. Rannan sai ya tashi ya ce roƙonsa ɗaya ga Allah, kada a ɗauki ransa sai ya sake jin ɗanɗanon kek ɗin Kulu a bakinsa. Matsala biyu ce. Bai taɓa ganin yadda take yi ba, sannan ban san ko Allah ya halicci mai maƙo irin Kawu ba.

"Kawu, a sa bota," in ji ni.

"Bota? Ina Kulu ta ga bota? Miƙo man gyaɗa."

Ƙwai ya yi tsada, ya dafa kabewa ya zuba, wai ai launinsu ɗaya. Sukari ya hau, ya koma mazarƙwaila. Ranar da mai shago ya faɗa mishi farashin bekin foda ko sallama bai yi ba, ya dawo gida ya jiƙa kanwa. Kek ya fito kore-kore yana warin sabulun salo. Ya gutsura, ya lumshe ido, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Saura kaɗan."

Shi fa ba ya zubar da abinci, kuma ba ya iya cinye gwangwani shida shi kaɗai, saboda haka 'yan majalisar ƙofar masallaci su ne suka shiga uku. Amininsa Malam Sahabi, makon da aka gauraya fulawa da garin rogo, haƙori ya bari a cikin kek. Kawu ya ɗauki haƙorin ya juya shi ya ce, "Wanga dama ya gaji, Sahabi. Taimakonka na yi."

Alhamis ta zagayo, Kawu ya doso su da faranti, Malam Sahabi ya ɗaga hannu. "Azumi nake."

Na kusa da shi ya ce, "Ni ma."

Kafin wata ya ƙare, layin nan kaf, har da masu shan taba a bayan kasuwa, kowa ya kama azumin Alhamis. Liman har yaba wa unguwa ya yi bayan sallar Juma'a, wai ta samu shiriya. Kawu ya saurara yana gyaɗa kai. Alhamis ta gaba, ana kiran magariba, sai ga shi a ƙofar masallaci da faranti a lulluɓe.

"Na aje muku na buɗa-baki. In samu ladan ciyar da mai azumi."

Wallahi Malam Sahabi kamar ya yi kuka.

Da na yi aure Kalgo na ce na huta. Ina! Rannan ya kira ni a waya yana haki. "Ɗiyata, na gano. Rairayin ne. Kulu mutuniyar Kalgo ce, ƙila daga nan take ɗebowa." Ni da girmana, da goyo a baya, na je bakin gulbi na cika buhu. A tasha direba ya ɗaga ya ji nauyi ya ce, "Hajiya, shinkafa ce?" Na ce rairayi ne. Ya ce, "Subhanallahi! Ƙasa ta ƙare a Gwandu?" Har muka iso ana min dariya a motar nan. Kawu ya tankaɗe rairayin, ya gasa, ya ɗanɗana, ya dube ni.

"Daga wane gefen gulbi kika ɗebo?"

Ranar ba don kawuna ba ne da na faɗi magana.

Na ma taɓa yi mishi dabara. Na sayo kek mai kyau a shago a Birnin Kebbi, na yanka na cusa cikin gwangwanayensa na ce ni na yi. Ya latsa da yatsa ya ce, "Wagga katifa ce. Kai wa yara su kwanta."

Shekara goma sha ɗaya ana wannan. Muna dariya, amma ni na san abin yana cin ransa, don duk ya ce saura kaɗan sai ya juya wa mutane baya. Da ciwo ya kwantar da shi na dawo jinya, ina kallonsa yana ramewa, tsoro ya kama ni kada ya tafi bai samu ba.

Wata Alhamis ya kasa tashi, ya ce in gasa a tsakar gida, shi yana ba da umarni daga kan gado. Na kwaɓa yadda ya ce, na aza tukunya. Sai maƙwabciyarmu Inna Ige, ƙawar marigayiya, ta leƙo ta katanga da labarin wani biki da aka yi faɗa a Dalijan. Ni kuma kun san ni da labari. Ƙauri ne ya dawo da ni. Innalillahi! Gindin kek ya yi baƙi ƙirin. Na ɗauki wuƙa na laɓe bayan rumbu na kankare, na kai mishi gabana na faɗuwa, don shi a shekarun nan ko sau ɗaya bai taɓa bari ya ƙone ba, a kan tukunya yake tsayawa kamar mai gadi.

Ya gutsura. Ya daina taunawa. Sai na ga hawaye yana bin gemunsa.

"Shi ne," ya ce. "Ɗiyata, shi ne. Mi kika sa?"

Na ce, "Kawu, ƙonewa ya yi. Kankarewa na yi."

Inna Ige, da ta biyo ni har ƙofar ɗaki, ta tafa hannu. "To ai Kulu ba ta taɓa gasa wanda bai ƙone ba! Kullum muna katanga muna hira. Bayan rumbun nan take kankarewa."

"Ige! Shekara sha ɗaya kina kallona?"

"Ka tambaye ni? Kuma ni ba ni tona asirin wadda ta riga mu."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana share ido yana cewa, "Shekara talatin tana ba ni ƙonanne ina sa mata albarka! Kai, Kulu!" Ya cinye biyu, mutumin da ko kunu sai an yi fama da shi. Na miƙa hannu zan kai wa 'yan majalisa sauran, ya riƙe faranti ya ce wannan karon ba ya ba kowa.

Bai kai wata Alhamis ba. Ranar Talata da la'asar ya cika, fuskarsa a sake.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Ka riƙe ni kamar kai ka haife ni, ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba. Allah ya sada ka da Inna Kulu a Aljanna. Amin.